Unguja, Pemba ko Mafia: wanne ya dace da mai zuwa da iyali?

Tsibiran nan uku suna jere a gaɓar Tanzaniya, Pemba daga arewa, Unguja a tsakiya, Mafia daga kudu. A hoto duk ɗaya suke, farin yashi da shuɗin ruwa. Amma ga magidancin da zai taso daga Kano ko Abuja da matarsa da yara ƙanana, akwai tazara mai yawa tsakaninsu. Hukuncina tun daga farko: in akwai yaron da bai kai shekara goma ba a tafiyar, a sauka Unguja, wato tsibirin da kowa ke kira Zanzibar, kuma a nemi masauki a arewacinsa.

Dalilin farko shi ne hanya. Unguja kaɗai ke da filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, na Abeid Amani Karume. Jirgin Ethiopian yana ɗauka daga Kano ko Abuja ko Legas, a sauya a Addis Ababa, a sauka kai tsaye. Pemba da Mafia kuwa sai an ƙara hawa ƙaramin jirgi mai cin mutum goma sha wani abu, tafiyar kamar rabin awa, na Pemba daga Unguja, na Mafia daga Darussalam. Kayan da ake yarda da su a irin wannan jirgi kilo 15 zuwa 20 ne ga kowane mutum, kuma an fi son jaka mai laushi, ba akwati mai tauri ba. Uwargidan da ta haɗa keken jariri da madara da kunzugu na mako biyu za ta biya kuɗin ƙarin kaya, ko a ce kayan su biyo jirgin baya. Akwai jirgin ruwa daga Unguja zuwa Mkoani a Pemba, sai dai awoyi yake ɗauka, kuma mashigin da ke tsakanin tsibiran biyu yana da igiya mai tayar da zuciya. Ba na ba mai yara shawarar hawansa.

Abin da ya fi ɓata wa iyalai hutu a Unguja, wanda masu tallar otal ba sa faɗa, shi ne janyewar ruwa. A gabashin tsibirin, wato Paje da Jambiani da Kiwengwa da Matemwe, ƙasan teku shimfiɗaɗɗe ne har zuwa inda duwatsun murjani suka yi katanga. Sau biyu a kowace rana ruwan yana janyewa, wani lokaci kilomita guda ko fiye, ya bar jiƙaƙƙen yashi da 'yan kududdufai da gonakin ciyawar ruwa da matan ƙauyen ke nomawa da turaku da igiya. Yaron da ya tashi da ɗokin wanka zai tarar babu ruwan, sai ya jira awoyi. Lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yana matsawa gaba da kamar minti 50, kuma janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da kwana goma sha huɗunsa. Kowane otal na kirki yana manna jadawalin cikowa da janyewa a wurin karɓar baƙi. A duba shi tun ranar sauka, a tsara wanka a kansa. Ga wanda zai tattaka cikin kududdufan nan, dole ne takalmin roba mai rufe ƙafa, domin akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya da ke maƙale a tsakanin duwatsu. Ƙayarta tana karyewa cikin tafin ƙafa, cire ta kuma aiki ne. Paje tana da wata matsalar: matattarar masu wasan lilo da iska ce a kan ruwa, musamman daga Yuni zuwa Satumba, kuma igiyoyinsu da allunansu ba abin a saki yaro kusa da su ba ne.

A Nungwi da Kendwa, can ƙurewar arewa, tekun yana yin zurfi kusa da gaɓa, saboda haka ruwa ba ya guduwa. Ana wanka safe da yamma. Kendwa ta fi faɗin yashi da kwanciyar ruwa, nan ne na fi yarda da shi ga yara. Daga filin jirgi tafiyar awa ɗaya da rabi ce ko ƙasa da haka a mota. Aibinsu biyu ne, kuma ya kamata magidanci ya san su kafin ya biya. Na farko, nan ne cunkoson Turawa masu yawon buɗe ido, da irin shigar da suke yi a bakin ruwa, da mashaya, da kiɗan dare, har akwai casun da ake yi a Kendwa duk lokacin da wata ya cika. Na biyu, 'yan talla da dillalan yawon kwale-kwale ba sa barin mutum ya sarara. Maganin duka biyun ɗaya ne: a nemi otal da ke gefe, nesa da tsakiyar gari, ko a kama gida sukutum mai katanga da wurin wanka nasa, inda mata za su sake. Iyali mai mutum shida ko bakwai sau da yawa gidan ya fi musu araha a kan ɗakuna uku na otal.

Batun abinci da salla ba abin damuwa ba ne a tsibiran uku, domin mafi yawan mazaunansu Musulmi ne, masallaci na ko'ina. Shinkafar pilau da biriyani da tsiren mishkaki da soyayyen dankali da ƙwai duk abin da yaranmu za su ci ne ba gardama. A manyan otal-otal na baƙi ne kawai ya kamata a tambayi mai dafa abinci, don wasu suna ajiye naman alade kuma suna zuba giya a wasu miya. Sannan Unguja tana da abin da za a yi ranar da yara suka gaji da ruwa: jajayen birai a dajin Jozani, manyan kunkuru a tsibirin Changuu, gonakin kayan yaji, da lungunan tsohon gari da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Babban asibiti ma yana nan cikin gari, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗauke da jariri.

Pemba ta fi Unguja kyau a idona, tuddai ne kore shar da bishiyoyin kanumfari, a lokacin girbi za ka ga an baza shi a tabarmi a gefen titi yana shan rana. Mutanenta sun fi riƙo da al'ada, babu hayaniya, babu casu. Amma yawancin gaɓarta itatuwan ruwan gishiri ne da taɓo, ba yashi ba. Wurin wanka mai kyau irin Vumawimbi yana can arewa bayan dajin Ngezi, babu inuwar haya, babu mai sayar da ruwan sha, sai abin da ka zo da shi. Tsibirin Misali sai da kwale-kwale. Otal kaɗan ne, masu kyaun kuma suna da tsada. Masu ninƙaya a ƙarƙashin ruwa ne ke cin moriyar Pemba, kuma ruwan yammacinta yana da zurfi da ja mai ƙarfi. Ta dace da ango da amarya, ko iyalin da 'ya'yansu suka tasa.

Mafia kuma don abu ɗaya ake zuwanta: ƙaton kifin nan mai ɗige-ɗige da mutanen wurin ke kira papa potwe, wanda ba ya cizo, yake zuwa kusa da garin Kilindoni daga Oktoba zuwa wajen Fabrairu. Yin iyo kusa da shi sai wanda ya iya ruwa sosai, domin a tsakiyar teku ake diro daga kwale-kwale. Masaukan ƙauyen Utende suna cikin gandun kare halittun ruwa da aka kafa a 1995, kuma baƙo yana biyan kuɗin shiga a kowace rana, ko ya shiga ruwa ko bai shiga ba. A lissafa wannan sau yawan iyali sau yawan kwanaki kafin a yanke shawara.

Lokacin zuwa: a guji ƙarshen Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi, wasu otal ma rufewa suke. Yuni zuwa Oktoba ya fi, kuma ya yi daidai da dogon hutun makaranta.

Takardu ne ke kayar da mutanenmu tun kafin a tashi. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Chadi ba ya samun biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet an jira amincewar hukumar shige da fice ta Tanzaniya, abin da kan ɗauki makonni. A nema da wata biyu a hannu, kowane yaro da tasa, kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Katin rigakafin shawara wajibi ne. Tun 1 ga Oktoba 2024, mai shiga Unguja ko Pemba sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba, ana rage wa yara, ko da yana da wata inshorar. A riƙe kuɗin ƙasar a hannu in za a Pemba ko Mafia, don na'urar cirar kuɗi sai a manyan garuruwa irin su Chake Chake da Kilindoni. Kuma duk kwale-kwalen da za a hau, a sa mai shi ya fito da rigar kariya daga nutsewa daidai jikin kowane yaro, a gwada ta a kan yashi kafin a biya shi.