Faifan tseren Tony Rickardsson: ya biya kuɗinsa, amma da sauran gyara

Ni bakaniken babur ne, shi ya sa da na ga ana tallar faifai biyu na tsofaffin tseren Tony Rickardsson a intanet ban tsaya dogon tunani ba, na saya. Mutumin ɗan Suwidin ne, haifaffen garin Avesta a 1970, kuma sau shida yana zama zakaran duniya a tseren speedway, wato tseren babura a zagayayyen filin ƙasa: 1994, 1998, 1999, 2001, 2002 da 2005. Kafin shi Ivan Mauger na New Zealand kaɗai ya taɓa kai shida.

Abin da ya ja hankalina babur ɗin ne. Inji mai 500cc, silinda ɗaya, giya ɗaya, methanol yake sha maimakon fetur, kuma babu birki ko na rantsuwa. Mutum huɗu ke fita, zagaye huɗu, cikin kusan minti ɗaya an gama. To yaya ake shan kwana ba birki? Sai da na yi ta mayar da hoton baya kafin na gane: totur ne komai. Mai babur yana murɗa shi tayar baya ta zame gefe, ƙafar hagu mai takalmin ƙarfe tana share ƙasa.

Faifan farko ya ɗan ba ni haushi. Wasan ƙarshe na 1994 a Vojens ta Denmak, inda ya doke Hans Nielsen da Craig Boyce a tseren raba gardama, hotonsa dishi-dishi ne, launin hulunan ma da ƙyar ake bambance shi. Ga sharhin da yaren Suwidin, ba fassara. Mai sayarwa bai faɗi haka ba a tallarsa.

Na biyun ne ya wanke laifin. Birnin Cardiff na Birtaniya, 2005, tseren ƙarshe: an matse shi a kwanar farko, sai ya bi can waje, babur na gugar shinge, ya fito gaban kowa. Wallahi na kalli wurin ya fi sau goma, har yaran gareji suka bar aiki suka taru a kaina.

Da sun sa ɗan bayani kan yadda ake saita injin da zaɓen sifirokat, wato ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke bi, da ban da ƙorafi. Shekarunsa a ƙungiyoyin Masarna ta Suwidin da Poole Pirates ta Ingila ma a gurguje aka wuce su. Wanda bai san wasan ba, ya fara da faifai na biyu.