Alcor da ajiyar gawa cikin sanyi: hidimar da ta jingina da na'urar da ba a ƙera ba

A birnin Scottsdale na jihar Arizona a Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Alcor Life Extension Foundation, wadda aikinta shi ne ta karɓi gawar mutum da zarar an tabbatar da mutuwarsa a hukumance, ta sanyaya ta har zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, sannan ta ajiye ta cikin ruwan naitirojin, bisa fatan cewa wata rana ilimi zai kai inda za a gyara abin da ya kashe mutumin a dawo da shi. Fred da Linda Chamberlain ne suka kafa ta a Kalifoniya a 1972, ta koma Arizona a 1994, kuma a yau tana riƙe da gawarwaki fiye da 200 waɗanda take kira majinyata. Ajiyar gangar jiki gaba ɗaya tana cin sama da dala 200,000, ajiyar kai kaɗai kuma dala 80,000, ban da kuɗin zama mamba da ake biya duk shekara. Yawancin masu rajista ba attajirai ba ne; inshorar rai suke yanka, su rubuta sunan ƙungiyar a matsayin wadda za a biya bayan rasuwarsu.

Idan aka auna Alcor a matsayin ma'ajiya kawai, adalci ne a ce ta yi ƙoƙari. Manyan tukwanen ƙarfen da take zuba gawarwakin ba sa buƙatar wutar lantarki, domin naitirojin ne ke riƙe sanyin, ana ƙara shi lokaci zuwa lokaci gwargwadon yadda yake ƙafewa. Ana tsayar da gawa kai a ƙasa, saboda ko da ruwan ya ragu, ƙwaƙwalwa ce za ta zama ta ƙarshe da ɗumi zai taɓa. Ƙungiyar ta ware asusun amana na musamman don kula da waɗanda ke ajiye, tana kuma wallafa rahoton yadda aikin kowace gawa ya gudana, har da inda aka samu jinkiri ko matsala. Wannan yana da muhimmanci ga wanda ya san abin da ya faru a Chatsworth ta Kalifoniya, inda a 1979 aka gano cewa gawarwakin da wata ƙungiya ta daban ta karɓa sun narke sun ruɓe bayan kuɗi ya ƙare mata. James Bedford, wanda aka daskarar a 1967 kuma ake lissafa shi a matsayin na farko, har yanzu yana ajiye a hannun Alcor.

Sai dai babu mai biyan dala 200,000 don a adana masa gawa kurum. Abin da mai saye ke so shi ne farkawa, kuma ita farkawar ba ta cikin kayan da ake sayarwa. Ita kanta Alcor ba ta yi wa kowa alƙawarinta. Hanyar da take bi ita ce a cire jini a maye gurbinsa da wani sinadari mai hana ƙanƙara fitowa a cikin ƙwayoyin jiki, ta yadda nama zai sandare tamkar gilashi. Sinadarin yana da guba, kuma idan sanyi ya yi ƙasa sosai naman yakan tsattsage, abin da ƙungiyar ba ta musantawa. Ga kuma ɓarnar da ke afkawa ƙwaƙwalwa tun daga mintunan farko da jini ya daina isa gare ta, alhali ba kowa ke mutuwa a gadon asibiti da ma'aikatan Alcor tsaye a kansa ba. Gaskiya ne cewa tun shekarun 1980 ake haihuwar jarirai daga ƙwayayen haihuwa da aka daskarar, kuma a 2023 masu bincike a Jami'ar Minnesota sun daskarar da ƙodar ɓera, suka ɗumama ta, suka dasa, ta yi aiki. Amma tazarar da ke tsakanin ƙodar ɓera mai lafiya da ƙwaƙwalwar mamaci mai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 tana da faɗi ƙwarai, kuma har yau ba a taɓa daskarar da dabba mai shayarwa gaba ɗayanta zuwa wannan sanyi aka tashe ta ba.

A nan ne na'ura mai basirar da ta zarce ta ɗan Adam take shigowa cikin cinikin, domin da ita ake cike giɓin. Shi ya sa hidimar ta samu karɓuwa a wurin masana kwamfuta da kuma jama'ar nan da suka taru a yankin Berkeley da San Francisco suna kiran kansu masu bin tsantsar hankali. Ray Kurzweil, masanin kwamfuta kuma marubuci ɗan Amurka wanda ya yi rajista da Alcor, ya daɗe yana cewa na'ura za ta kamo basirar mutum a 2029, sannan a 2045 ta wuce ta nesa har rayuwa ta sauya kamanni baki ɗaya. Eliezer Yudkowsky, jigo a cikin masu tsantsar hankalin, ya shafe shekaru yana kwaɗaita wa mabiyansa yin rajistar daskarewa. Duk tambayar da aka yi musu amsarta guda ce. Wa zai cire gubar? Wa zai ɗinke tsagewar? Wa zai ƙera sabon jiki ga wanda kansa kaɗai aka ajiye? Na'urar da ke tafe, ko ƙananan injinan da za ta ƙirƙiro. Amsar da ta dace da kowace tambaya ba tare da an gwada ta ko sau ɗaya ba, a ganina ba ta amsa komai ba. Vernor Vinge, malamin lissafi kuma marubucin ƙagaggun labaran kimiyya, ya faɗa a 1993 cewa cikin shekara talatin za a samu hanyar ƙera basirar da ta fi ta mutum. Wa'adin ya cika a 2023, kuma abin da ke hannu shi ne manhajoji masu iya rubutu da hira, waɗanda suka ba mutane mamaki ƙwarai, amma iya tsara jimla daban, iya gano tunanin da ya goge daga ƙwayar da ta fashe kuma daban. Idan bayanin ya riga ya salwanta, kaifin basira ba zai samo shi ba.

Hujjar da suka fi ƙauna ta lissafi ce: ko da damar farkawa ɗaya ce cikin ɗari, ladan yana da girman da ya sa biyan kuɗin ya zama hikima. Matsalar ita ce wannan ɗaya cikin ɗari ba daga gwaji ta fito ba, tunda babu gwajin da ya taɓa nasara; mai lissafin ne ya zaɓe ta, kuma da ya ga dama zai rubuta ɗaya cikin miliyan ba tare da kowa ya iya ƙaryata shi ba. Abin ban mamaki shi ne mutanen da suka gina sunansu kan yaƙi da ruɗin zuciya su ne suka fi saurin yarda da cinikin biri a sama idan aka rubuta shi da lambobi. Akwai kuma karo a cikin maganar wasunsu, domin Yudkowsky ɗin da ke tallata daskarewa shi ne ke gargaɗin cewa na'urar mai tsananin basira za ta iya hallaka bil'adama gaba ɗaya, wanda ke nufin mai rajista yana caca ne sau biyu: na'urar ta zo, kuma ta zo da halin kirki.

Ga Musulmi maganar ba ta da tsawo, tunda wanka da likkafani da salla da binnewa haƙƙin mamaci ne a kan masu rai. Ga wanda ba wannan ne ma'auninsa ba, ya kamata ya san cewa Cryonics Institute da Robert Ettinger ya kafa a Michigan a 1976 tana sayar da irin wannan ajiya a kan dala 28,000, kuma ba ta tashi kowa ba, kamar yadda Alcor ba ta tashi kowa ba. Bambancin farashin yana tafiya ne ga ma'aikatan da ke jira a kusa da majinyaci har ya cika, da kayan aiki, da asusun kulawa, kuma duk kuɗin inshorar da aka juya zuwa can an ɗauke shi ne daga abin da zai isa hannun mata da 'ya'ya.