Ofishin lauyan da ya yi mana aikin gadon Abba, abin da na gani

Masu tambayata a waya yadda muka ƙare da maganar gadon gidanmu sun yi yawa, to bari kawai in rubuta a wuri ɗaya kowa ya karanta, mai daɗin da mara daɗin. Sunan ofishin ba zan sa ba, don ba talla nake ba kuma akwai inda zan yi ƙorafi. Ɗan ƙaramin waje ne a saman bene nan cikin Kano, ɗaki biyu, barista ɗaya sai wata matashiyar lauya da ke aiki ƙarƙashinsa sai wani yaro mai kai takardu kotu, shi ke nan.

Abba ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana kan aiki Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar mata biyu, mahaifiyarsa Hajiya tana raye lokacin, mu 'ya'ya maza 6 mata 5. Lissafin kam ba wuya, malamin unguwarmu ko shayinsa bai huce ba ya gama, ya ce a kasa dukiya gida 48, Umma da Anti su raba tumuni kowacce 3, Hajiya sudusi wato 8, kowane namiji 4 kowace mace 2, yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Ba wanda ya yi musu. To amma a kasa me? Nan ne aka tsaya, ana ta a bari a gama takaba, a bari bayan sallah, a bari Yaya ya dawo daga tafiya, har Hajiya ma ta rasu ba a raba ko tsinke ba. Kason nan nata na 8 kuwa ba ya dawowa gare mu, 'ya'yanta ne ke gadonta, sai ga Baffa yana da 4 daidai da ɗa namiji a gidan da muke ciki, gwaggonninmu biyu kowacce 2. Baffa mutumin kirki ne wallahi amma yana da 'ya'ya masu kunne, da aka fara jin ana cewa a sayar da gida a ba kowa nasa sai mijina ya ce ku nemi lauya tun ana gaisawa.

Abin da ya fara burge ni, zaman farko bai yarda Yaya ya yi magana da yawun kowa ba. Yaya ya ce ai mata ba sai sun zo ba ni ne wakilinsu, barista ya yi murmushi ya ce Alhaji ka yi haƙuri, duk wadda ta balaga ita za ta sa hannu da kanta kuma asusunta za a tura wa kuɗi, in ba za ta iya zuwa ba mu za mu je. Haka aka yi kuwa, lauyar nan mace ita ta bi mu gida-gida har ƙanwata da ke aure a Zariya ta kira ta ta WhatsApp ta karanta mata komai da Hausa. Na san gidaje da yawa da mace ba ta taɓa ganin takardar rabo ba, kawai a miƙo mata abu a leda a ce ga naki Allah ya sa albarka, ta yi shiru don kar a ce ta fiye son abin duniya.

Sai ya ce kowa ya kawo abin da ya sani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk wata takarda ko bashi ko alkawari. Kafin a taɓa rabo sai an fitar da bashi, sannan wasiyya in akwai, ita ma kar ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. A nan ne aka gano akwai sauran kuɗin siminti da wani ɗan kasuwa ke bin Abba bai taɓa zuwa ya tambaya ba saboda kunya, aka biya shi.

Inda na ga amfanin kuɗinmu sosai shi ne maganar kyauta. Anti ta ce shagon da ke bakin titi Abba ya ba ta tun yana da rai, ɗakinmu aka yi caa, ni ma har ga Allah raina bai so ba. Wani ƙanena shi ma ya ce motar ai tasa ce an ba shi. Barista bai ce wa kowa ƙarya kake ba, tambaya ɗaya ya yi musu su biyun, kun karɓi abin a hannunku kafin ya rasu? Ya ce a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta sai da hauzi, wato karɓar abin a hannu, in mai kyauta ya mutu abin yana hannunsa to ya koma gado. Aka kira ɗan hayan shagon ya ce shi shekara da shekaru Anti yake kai wa kuɗin haya kuma Alhaji da bakinsa ya ce masa nata ne, ga wani shaida na biyu. Motar kuwa har ranar da aka kai Abba asibiti shi ke hawanta, makulli na aljihunsa. Shago ya fita daga gado, mota ta shiga. Umma ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwar kowa da kyau, amma ba wanda ya iya cewa an yi son kai.

Akwai kuma 'ya'yan babban wanmu da ya riga Abba rasuwa, su uku. Ba su da gado tunda akwai 'ya'ya maza a raye kuma Abba bai bar musu wasiyya ba, wannan barista ya faɗa ƙarara ba kwana-kwana duk da uwarsu tana zaune tana hawaye. Amma ya tuna mana aya ta 8 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce a ba dangi da marayu wani abu in sun halarci rabo, ya ce duk baligin da ya ga dama ya cire daga nasa, na ƙananan yara kuwa ba mai ikon taɓawa. Aka haɗa musu abin da ya sayi fili.

Ɓangaren takardu shi ne wanda da mu kaɗai ne da har yau muna yawo. Yaya ya ɗauka tunda sunansa Abba ya rubuta a fam ɗin banki a matsayin na kusa da shi to zuwa kawai zai yi a ba shi kuɗi, ashe wannan sunan ba ya mayar da mutum mai dukiya, banki sai sun ga takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu. Kamfanin fansho ma haka. Kuma barista ne ya faɗa mana cewa dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wurin aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, mu ba wanda ya taɓa jin wannan a gidanmu, ya rubuta wa ma'aikatar su Abba aka bi aka samu. Gidan kuma ya sa aka duba fayil ɗinsa a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a Kano, aka tabbatar ba jingina a kai, aka kawo mai ƙiyasi ya yi masa kuɗi, maza uku suka haɗu suka biya sauran magada har da su Baffa, iyayenmu mata suna zaune a ɗakunansu. Duk abin da aka yi sulhu a kai an rubuta, aka kai gaban alƙali a kotun shari'ar Musulunci ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar.

To yanzu ƙorafi. Mutumin nan ba ya ɗaga waya, Allah ya gani. Sai ka kira ka kira, sai dare ya turo yana kotu, da ba don lauyar nan ba da na yi zuciya tuntuni. Ya ce mana aikin wata uku zuwa huɗu ne, ya haura shekara, na san ba duka laifinsa ba ne amma ai ya fi mu sanin yadda ofisoshi suke, da sai ya faɗa mana gaskiyar tun farko mu shirya. Kuɗin aikinsa ya yanke tun ranar farko a rubuce, biya biyu, bai ce sai an ba shi kaso cikin dukiya ba, wannan na yaba. Sai dai ƙananan kuɗaɗe da ba a lissafa ba sun yi ta ɓullowa, na mota, na buga takardu, na mai ƙiyasi, ga wanda kotu ke karɓa, yau a ce kawo kaza gobe kaza kuma rasit sai ka matsa. Benen ma matsala ne, Gwaggo babba da ciwon gwiwa a mota ta zauna aka sauko mata da takarda ta dangwala.

Sannan hannun jari ba fanninsa ba ne sam. Abba ya sayi na bankuna a 2007 lokacin da kowa ke saye, wasu bankunan an haɗe su da wasu an canza suna, takardun na cikin wata tsohuwar jaka, ribar shekaru ba a karɓa ba. Barista ya karɓa ya ce zai duba, wata da watanni shiru, daga baya ya ce mu nemi dillalin hannun jari shi zai ba mu takardar kotun kawai.

In gadonku gida ɗaya ne da gona kuma kanku a haɗe yake, malami da dattawa biyu sun ishe ku, kar ku kashe kuɗi. In akwai banki da fansho da ɗaki biyu da wanda ke cewa an ba shi kyauta, zan ce a je wajensa, amma a karɓi lambar lauyar nan mace, kuma a sa ya rubuta duk kuɗin da za a kashe tun zaman farko. Mu dai har yanzu maganar hannun jarin tana nan, dillalin ya ce sai an kawo hoton fasfo da sa hannun mutum biyun da kotu ta naɗa, ɗayansu kuma Yaya ne, yana Umara sai ya dawo.