Jirgin ya ɗauke ni, kujerarsa ce ta kasa

Wannan sharhin don masu jiki na rubuta shi. In kana cikin waɗanda kowane wando ke shigarsu a kanti, wuce abinka, duk kayak ɗin da ka hau, wato ƙaramin jirgin ruwan nan da ake tuƙawa da filafili, zai ɗauke ka. Ni kilo 128 nake, wato laba 282 a ma'aunin mutanen nan Amurka, kuma yawancin nauyin a ciki da kafaɗu ya tare. Da likita ya matsa lallai sai na nemi abin da zai riƙa fitar da ni daga gida ranakun hutu, sai na ce to ruwa zan koma. Ɗan Yauri ne ni, a bakin Kwara na girma, ko da yake gidanmu ba Sarkawa ba ne. Daga Houston zuwa tafkin Conroe tafiyar kamar awa ɗaya ce, kuma tarwaɗa tana nan jingim.

Wanda na saya kayak ne na kamun kifi, mai tsawon ƙafa 12 da faɗin inci 35, irin wanda ake zama a samansa ba a cikinsa ba, wanda ake karya kuɗinsa duk ƙarshen shekara. An buga masa laba 450 a jiki.

Lambar nan ita ce ta fi yaudarar masu jiki irina. Ba nauyin da za ka ji daɗin tuƙi da shi ba ne, iyakar abin da jirgin zai ɗauka bai nitse ba ne, shi ma a ruwan da ke kwance luf. Waɗanda suka daɗe a harkar cewa suke kada kai da kayanka ku haura kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta. Kafin in sayi nawa na taɓa aron na wani abokin aikina mai laba 325. A takarda ya isa ya ɗauke ni har da ragi. Ina zama ruwa ya ɓulɓulo ta hudojin nan na ƙasan jirgin, waɗanda aka yi su don ruwa ya fita, ya tsaya mini a idon sawu bai koma ba. Dalilin ba wani boyayye ba ne: hudojin suna aiki ne muddin daɓen jirgin yana saman ruwa, da zarar nauyi ya danne shi ƙasa sai hanyar fita ta koma hanyar shiga. Don haka da na tashi sayen nawa na zauna na yi lissafi. Ni 282, akwatin ƙanƙara, sandunan fatsa, anga, ruwan sha da batirin na'urar gano kifi su kuma kamar 50. Jimla ba ta kai kashi 75 cikin ɗari ba. Wanda ya fito daga inda jirgi ya kife da ɗimbin jama'a kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba ya wasa da maganar lodi.

A kula kuma, wasu kamfanonin har da nauyin jirgin kansa suke haɗawa cikin lambar. Kamfanin Old Town su kam lamba biyu suke rubutawa, jimlar nauyi da kuma abin da ya rage maka bayan an cire na jirgin. Da kowa zai yi haka da an huta.

Gaskiya dai jikin jirgin nan ya burge ni, ba kaɗan ba. Roba ce mai kauri, an zuba ta gaba ɗaya ba haɗi, ba ta lotsawa a ƙarƙashin ƙafata. Daɓensa a bushe yake zama in dai ruwa bai tashi ba. Abin da ban taɓa zaton zan yi ba a wannan jikin nawa, na miƙe tsaye a kansa na jefa fatsa. Ɗan yayata da muke fita tare har hoto ya ɗauka ya tura gida, aka yi ta yi mini tsiya wai Kawu ya zama Sarkin Ruwa a Texas. A watannin farko duk wanda ya tambaye ni cewa nake ya rufe ido ya saya. Tauraro biyar na ba shi a raina, da akwai na shida da na ƙara.

Sai ranar wata Asabar cikin Afrilu.

Mun sauka ta mashigar Cagle, can arewacin tafkin inda dajin Sam Houston ya kewaye ruwan. Mun fi son can don kudancin Conroe ranar Asabar ba ya shiguwa ga mai ƙaramin jirgi, masu jiragen gudu sun cika shi. Arewan kuma kututturan itatuwa ne birjik a ƙarƙashin ruwa, kifi na son wurin. Na sa hantar kaza a ƙugiya, na jefa, na ɗaga kujerar zuwa matakinta na sama don gwiwoyina su sarara. Wannan matakin na sama shi ne abin da ya ja ni ga jirgin tun farko, domin mai tumbi in ya zauna ƙasa-ƙasa numfashi ma gagararsa yake, balle tashi.

Can wajen hantsi sandar ta lanƙwashe har bakinta ya taɓa ruwa. Duk wanda ya taɓa kama babbar tarwaɗa ya san jan, ba fizga take ba, ƙasa take yi da kai a hankali. Na kafa ƙafafu, na jingina da baya da ƙarfi ina ɗagowa. Daidai lokacin wani jirgin inji ya gifta daga nesa, igiyar ruwansa ta iso ta buge ni ta gefen dama. Ba wata babbar igiya ba ce, na sha haye waɗanda suka fi ta. Sai kawai na ji ƙaras! a ƙarƙashina. Ƙafar kujerar ta baya ta dama ta karye daidai inda aka huda ƙarfen aka sa ƙusa, majinginar ta kwanta, ni kuma na tafi da baya gaba ɗaya. Ƙeyata ta bugi akwatin ƙanƙara, ƙafafuna suka yi sama, na zama kamar kunkurun da yara suka kifar. Duk nauyina ya koma gefe guda. Jirgin ya karkata har ruwa ya hauro ta bakinsa ya jiƙa mini kafaɗa, na ga sararin sama ya juya, na fara salati don na riga na sallama cewa cikin ruwa zan ƙare.

Bai kife ba. Ya tafi har inda na ce shi ke nan, ya tsaya cak a karkace, sannan ya dawo ya zauna daram. Ruwan da ya shiga ya tsiyaye ta hudojin. Wallahi har yau in na tuna sai na jinjina wa wanda ya zana ƙasan jirgin nan. Akwai jirgin da za ka ji shi daram kana zaune lafiya amma da ya karkata kaɗan sai ya tafi da kai, akwai kuma wanda a karkacen ne yake nuna ƙarfinsa. Wannan ya haɗa duka biyun, kuma ni shaida ne, da kilo 128 a rataye a gefe ɗaya.

Yaron nan ɗan yayata yana ta ihu daga nasa jirgin, "Kawu! Kawu, kada ka motsa, ga ni nan!" Ina ma zan motsa? Ciki ya danne ni, rigar ruwa, wato ta hana nitsewa, ta hauro ta tokare mini haɓa, sandar fatsa kuma tana hannuna ban saki ba, kifin yana ta jan mu ni da jirgin zuwa cikin kututturai. Da ƙyar ya iso ya riƙe gefen jirgina, na mirgina na dafa na tashi zaune. Kafin nan tarwaɗar ta naɗe zaren a jikin kututture ta tsinke shi. Ko ganinta ban yi ba. Ƙarfen da ya karye kuma ya yaga mini wando ya karce cinya, ba sosai ba, amma da ya shiga da tsini da labarin ya canza.

Dawowar ita ce azabar. Kujera ba ta zaunuwa, sai na naɗe ta na ɗaure a baya, na zauna a kan daɓen jirgin ba majingini, ga iskar kudu ta taso tana tura mu baya. Mai jiki ya yi tuƙi da filafili ba abin da ya tokare masa baya, ku tambayi wanda ya gwada. Kafin mu kai gaɓa ƙuguna ya riƙe, ƙafafuna sun mutu, sai da yaron da wani dattijon Bature da ke ɗaure jirginsa suka kama ni na miƙe. Sallar Azahar a zaune na yi ta ranar.

Duk da haka ban yi fushi ba a lokacin. Na ce kayan ƙarfe ne, ana samun mai aibi, ga garanti. Na ɗauki hotuna na tura wa kamfanin ta imel da rasit da komai. Amsar farko ta zo da fara'a, suna jajanta mini, suka tambayi nauyina. Na faɗa musu gaskiya. Amsa ta biyu ita ce ta ɓata komai. Wai jirgin ne aka yi wa laba 450, kujerar kuwa iyakarta laba 250, saboda haka na ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, garanti bai shafi wannan ba. Amma don karamci za su sayar mini da wata sabuwa a kan ragi. Irin wadda ta karye ɗin dai, sak.

Jama'a, ku taya ni ji. A ina aka rubuta 250 ɗin? Na juya ɗan littafin da ya zo da jirgin ciki da bai, babu. Na duba shafinsu, babu. Na kifa kujerar na duba ko akwai wata takarda a manne, babu. A tallarsu kuwa ƙaton mutum suka sa yana tsaye yana murmushi, kuma da bakinsa yaron kantin ya ce mini wannan ai don irinku aka yi shi. To in jirgi zai ɗauki 450 amma wurin zama ba zai ɗauki fiye da 250 ba, sauran 200 ɗin a ina ake so in ajiye su? In bar su a mota? Mutum ɗaya ne fa ke hawa jirgin nan, kuma a kan kujerar zai zauna, ba a kan hancin jirgin ba. Na rubuta musu haka, suka maido mini da amsar da suka riga suka ba ni, harafi bai canza ba. Na kira waya, aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan har layin ya yanke.

Na fara rubutun nan da niyyar in ba shi tauraro huɗu saboda abin da ya yi mini ranar nan, amma yanzu da na sake buɗe imel ɗin don in tabbatar da lambar raina ya sake ɓaci. Uku. Ukun ma na jikin jirgin ne, kamfanin bai ci ko ɗaya ba.

Tunda an zo nan bari in amayar da sauran. Matosan hudojin nan, 'yan robobi da ba su kai komai ba, daban ake sayar da su, alhali mai nauyi ne ya fi kowa bukatarsu a hudojin da ke ƙarƙashin kujera lokacin sanyi. Jirgin kansa ya doshi kilo 40 ba kaya a ciki. Faɗin da ke hana shi kifewa shi ne kuma ke sa shi nauyin tuƙi, in iska ta taso sai ka yi ta zuba ƙarfi kana ganin bishiya ɗaya a gefenka ba ta wucewa. Ɗora shi a kan mota kuwa aikin mutum biyu ne, ni dai a-kori-kurar maƙwabcina ce ta cece ni kafin in sayi 'yar tirela. Filafilin da suka haɗo da shi gajere ne, jirgi mai faɗin inci 35 da kujera a sama yana son mai tsawon santimita 250 ko fiye, in ba haka ba yatsunka za su yi ta bugun gefe. Na yi tunanin sa masa ƙaramin inji mai batir, sai na tuna a Texas da zarar ka ɗaura wa kayak inji kowane iri sai ka yi masa rajista a hukumar Texas Parks and Wildlife, ga batirin shi ma wani lodin ne a kan wanda ake fama da shi.

Wani ya ce me ya hana ni sayen kayak ɗin Hobie Pro Angler 14 tun farko, mai ɗaukar laba 600 wanda ake tuƙawa da feda. Kuɗinsa dai ba kaɗan ba ne, kun kuma san akwai masu jiran Western Union a gida ƙarshen kowane wata.

Cikin sauran kayan, rigar ruwa ita kaɗai ce abin da ban yi kuka da shi ba, ita ma ba tasu ba ce. Masu jiki su sani, ta manya ba da nauyi ake auna ta ba, da faɗin ƙirji ne, don haka a auna ƙirji kafin a yi oda. A nemi mai kumfa a saman baya kawai, wadda ba za ta tokari majinginar kujera ta turo ka gaba ba. Dokar Texas cewa ta yi ta kasance a cikin jirgi, yara 'yan ƙasa da shekara 13 ne dole su sa, amma ranar nan da a bayan jirgi na ajiye tawa ba ta da amfanin komai.

Kujerar dai ban sayi tasu ba. Wani mai walda ɗan Mexico a unguwarmu ya zura bututun ƙarfe cikin ƙafafun bayan duka biyu, ya cire ƙusoshin ya sa noti masu kauri, ya kuma yanka mini katako da nake sawa a ƙarƙashi don nauyin ya sauka a kan daɓe maimakon ƙafafun. Ta ƙara nauyi, ba ta naɗewa kamar da, matakin sama kuma na daina amfani da shi in ruwa na motsi. Duk mai nauyin da ya haura laba 250 da ke son jirgin nan, kafin ya biya ya sa su rubuta masa iyakar nauyin kujerar a imel, ba na jirgin ba, ya ajiye. In sun yi ta kewaye-kewaye ya sa kuɗin mai walda cikin lissafinsa.