Masaukin arha a Accra: abin da mai zuwa daga gida ya kamata ya sani

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu shirin zuwa saro ko ziyara daga Kano, Sakkwato da Maraɗi suna yawan tambayarmu inda baƙo zai sa haƙarƙarinsa a Accra, wadda dattawan zango ke kira Ankara, ba tare da ɗaki ya cinye jarinsa ba.

Tun kafin ɗaki, a fahimci ƙirgen kuɗi. A 2007 Gana ta cire sifiri huɗu daga sidi, dubu goma ta koma sidi ɗaya, amma har yau bakin mutane bai saki tsohon lissafi ba. Idan mai karɓar baƙi ya ce maka ɗaki miliyan biyu ne, kada gabanka ya faɗi, sidi 200 yake nufi. Ka sa ya rubuta adadin a takarda, ka kuma tambaya ko da haraji a ciki, domin otal mai rajista kan ɗora haraji a kan farashin da ke jikin bango. Tura kuɗi ta banki da aka saba a gida ba shi da kasuwa a ƙananan masaukai: ko tsaba ko MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta layin waya. Katin naira kuwa kada ka dogara da shi. Ka canza kuɗinka da rana a shagon canji mai lasisi.

Sai unguwa, kuma a nan ake tafka asara. Cunkoson Accra ba na wasa ba ne, ɗakin da ka samu da rahusa a Kasoa ko Adenta, can bayan gari, zai ci maka sa'o'i a cikin trotro, wato ƙananan bas-bas na haya, kafin ka isa kasuwa. Wanda harkarsa kasuwar Makola ko gwanjon Kantamanto, ya nemi Tudu ko Adabraka; a Tudu ma motocin Aflao, garin da ke kan iyakar Gana da Togo, suke sauke fasinja. Mai wucewa Kumasi da asuba ya kwana kusa da Kwame Nkrumah Circle ko Kokomlemle, inda manyan motoci suke lodi. Osu, Cantonments da East Legon a bar wa masu dala.

Circle tana da sharaɗi. Kwari ce, kogin Odaw ya ratsa ta. Ran 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai suka hallaka sama da mutum 150 a wurin. Daga Mayu zuwa Yuli ka nemi ɗakin sama. In ba sai na ƙasa ba, duba gindin bango: layin laka da fenti mai ɓarewa za su nuna maka iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Kada ka biya sai ka ga ɗakin da idonka, hoton waya ba hujja ba ne. Buɗe famfo tukuna. Ruwan gwamnati ba kullum yake zuwa kowace unguwa ba, shi ya sa za ka ga baƙin tanki a kan rufin gidaje. Gidan da babu tanki, bokiti za a miƙo maka. A gida tambayarmu ita ce ƙarfe nawa ake tada janareta. Nan wuta ta fi tsayawa, don haka ƙananan masaukai da yawa ba su ma ajiye inji ba, ranar da aka ɗauke, abin da suke kira dumsor, kai da zafi da sauro ne har safe. Ɗaga katifa ka haska ɗinkin gefenta da fitilar waya. Ɗige-ɗige baƙaƙe kashin kuɗin cizo ne. Duba ragar taga, gwada sakata. Ɗakin fanka ya fi na na'urar sanyaya ɗaki sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ya wadatar a watan Yuli da Agusta da gari ke sanyi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: masauki mafi arha sau da yawa na 'yan sa'a biyu ne, ga mashaya a ƙofa, kiɗa har tsakar dare. Nan babu Hisba. Mai zuwa da iyali ya nemi wurin da takardar hukumar yawon buɗe ido ta Gana ke rataye a gaban kanta, kuma ana rubuta sunan baƙo da lambar fasfonsa.

Hanyar da ta fi kowace sauƙi har yanzu ita ce ta kakanni, tun zamanin fataken goro: maigida. A Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina, baƙon da aka haɗa da wani tun daga gida ba ya rasa shimfiɗa, ga masallaci a kusa, ga koko da ƙosai da safe, ga waakye, wato shinkafa da wakenmu. Sai dai tsofaffin gidajen haya na Nima da yawa ba su da makewayi isasshe, wanka da bahaya a na kuɗi ake yi, asuba kuwa layi ne. Maigida ba zai yanka maka farashi ba, amma zuwa hannu rabbana abin kunya ne: a riƙo kilishi, turare ko yadi, a kuma sa wani abu a cefane. Wanda bai san kowa ba ya gaida limamin unguwa bayan sallar Isha'i ya faɗi uzurinsa, kada dai ya ɗauka kowane masallaci ake barin kwana, da yawa kullewa ake yi.

A Disamba, tun daga bikin dawowar baƙaƙen fata na 2019, gari kan cika maƙil kuma farashi ya tashi, sai a kama ɗaki da wuri. Mai kwana uku zuwa sama ya nemi ragi tun daren farko. Yawancin wurare sha biyun rana ake sakin ɗaki, kuma agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da sa'a ɗaya, saboda haka ka gyara naka tun a Aflao.