Shagon Steam: a saya yanzu ko a jira ragi?

Sabon babban wasa a Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, yakan fito a kan dala 60 zuwa 70. Mai haƙuri ba kasafai yake biyan haka ba, domin kamfanin Valve, mai Steam, na yin gagarumin ragi a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, kuma wasan da ya shekara sau da yawa farashinsa kan faɗo rabi. Ka sa shi a jerin waɗanda kake so, za a turo maka saƙon imel idan farashinsa ya sauka. Kafin ka biya, duba tarihin farashinsa a shafin intanet na SteamDB, don wani ragin suna ne kawai.

Abin yabo shi ne mayar da kuɗi: cikin kwana 14, muddin ba ka buga awa biyu ba. Ko yau ka saya gobe aka rage, kana iya mayarwa ka sake saye da araha.

Wasan labari na mutum ɗaya ba ya tsufa, jinkirin ma yakan sa a gyara kurakuransa. Wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC kuwa daban ne: kowane Satumba sabo ke fitowa, wanda ya saya a Yuni ya tarar kasuwa ta kusa watsewa.