Wane littafi zan saya don nazarin ƙagaggen labari?

Duk farkon zango sai wani ya turo min wannan tambayar, wai wane littafi zai saya da zai taimaka masa wajen fitar da jigo da zubi da tsari da salo da taurari a cikin labari. Ni kuma kafin in ba shi amsa sai na tambaye shi, jarrabawar gobe kake son tsallakewa ko aikin kake son iyawa, don ba kasafai littafi ɗaya ke yi maka duka biyun ba.

Bari in fara da waɗanda ɗalibai suka fi rububi, 'yan littattafan taƙaitawa irin su CliffsNotes da aka fara bugawa a Amurka tun 1958, da SparkNotes da ya ɓullo a intanet a 1999. Za su bi maka labarin babi-babi, su jero maka taurari, su ce ga jigo nan ka haddace. Araha gare su, wasu ma kyauta ne a waya. To amma fa kowannensu labari ɗaya tak yake magana a kai, ranar da malami ya miƙo maka gajeren labarin da ba ka taɓa gani ba ya ce fitar min da jigo ka kafa hujja daga cikin rubutun, ranar ce ido zai raina fata. Ga shi kuma rabin ajin abu ɗaya suka karanta, malamin da ya ga amsa talatin masu kama ɗaya ai ya san rijiyar da aka ɗebo. Ban ce kar ka taɓa su ba, amma sai bayan ka gama labarin, ka leƙa ka ga ko wani abu ya kuɓuce maka.

Kashi na biyu su ne masu koya maka dabarar nazarin ita kanta, kuma nan ne kuɗi ke yin daraja ko ya tafi a banza. Tsohon da har yau ake komawa gare shi shi ne Aspects of the Novel na E. M. Forster, wanda ya fito a 1927, asalinsa lakcoci ne da ya gabatar a Cambridge shi ya sa in kana karantawa kamar hira yake yi da kai. Shi ne ya bambanta jerin abin da ya faru da kuma zubi. In na ce yarinya ta bar makaranta sannan yayanta ya daina yi wa babansu magana, jeri ne kawai, amma in na ce ya daina yi masa magana ne saboda baban ne ya cire ta, to dalili ya shigo, zubi kenan. Shi ne kuma ya raba taurari gida biyu, akwai mai hali ɗaya da jimla ɗaya ta isa ka siffanta shi, akwai mai fuskoki da yawa da zai yi abin da zai ba ka mamaki amma ka yarda da shi. Aibunsa ɗaya, misalansa kusan duk daga tsoffin littattafan Turai ne, in ba ka karanta su ba za ka riƙa ɓata a hanya, don haka ga sabon shiga gara littafin zamani wanda ya haɗa bayani da gajerun labarai na gwaji a ciki.

In ka ɗauki irin wannan, kar ka biya sai ka buɗe wuri uku. Duba babin jigo, in abin da ya iya cewa kawai jigon labari soyayya ne ko yaƙi ne, ajiye shi, mai kyau zai nuna maka me labarin ke cewa game da soyayyar kuma a wane shafi. Duba babin zubi, za ka ga zanen dala ɗin nan, labari ya fara ya hau ya kai ƙololuwa ya gangaro ya warware. Na wani Bajamushe ne Gustav Freytag tun 1863, kuma don wasan kwaikwayo mai kashi biyar ya tsara shi, wallahi na sha ganin ɗalibi na kokawar cusa labarin da ya fara daga ƙarshe cikin dalar nan kamar dole, littafin da bai gargaɗe ka a kan haka ba bai gama aikinsa ba. Sai babin mai ba da labari, wanda masu araha ke tsallakewa da layi biyu, wai ko da bakin "ni" ko da bakin "shi" shikenan. Alhali tun 1961 masanin adabi Wayne Booth ya yi bayanin mai ba da labarin da ba a cika yarda da maganarsa ba, kuma sau da yawa duk daɗin nazarin yana nan.

Ƙamus na kalmomin adabi, irin na M. H. Abrams da ya fara fitowa a 1957 aka yi ta sabunta shi, yana da amfani amma ba na karantawa daga bango zuwa bango ba ne. Tsohon bugu ya wadatar, na laburare ma ya isa.

Abin da mutane suka fi raina saye shi ne labarin kansa, sai ka ga mutum da littafin sharhi uku amma ba shi da ainihin littafin da ake sharhin a kai. In kuɗin abu ɗaya ne da kai shi za ka saya, na takarda, wanda za ka ja layi da fensir duk inda wata kalma ko wani hoto ya maimaitu, don daga nan salo da jigo ke fitowa. Akwai bugu tsura, akwai mai ƙarin bayani irin Norton Critical Editions da ke haɗa labarin da tarihin zamaninsa da maƙalun masu tarke, wato masu sharhin adabi, ya fi tsada da nauyi amma ga mai rubuta firojet ya biya kuɗinsa. A kula da bugun da aka rage, an datse bayanin wuri da lokaci an sauƙaƙa harshe, ba ka da abin da za ka ce a kan salo. In fassara ce duba sunan mai fassarar, don zaɓin kalmomin da za ka yaba nasa ne. Gabatarwar da ke gaba kuma bar ta sai ƙarshe, yawanci tana tona yadda labarin ya ƙare. Sannan ka tambayi bugun da malaminku ke riƙe da shi kafin ka saya, don in ya ce a buɗe shafi na 84 kai naka na 84 yana wani babin daban, haka za ka yi ta lalube har a tashi.